Shafi Ɗaya da Ya Tsira daga Ƙosan Indo

Duk wanda ya ce ya zauna Gyadi-Gyadi a shekarun da aka canza kuɗi, fam da sule suka koma naira da kwabo, amma bai san Indo mai ƙosai ba, to haya kawai ya biya, bai zauna ba. Gindin wata dalbejiya take tuya, kusa da titin Zariya, inda direbobi da leburori ke tsayawa su karya kafin su wuce aiki. Doguwa ce, baƙa, mai wushirya, ga faɗa. Ba zan ɓoye muku ba, matar nan ta iya faɗa. Ka kuskura ka ce ƙosanta ya yi ƙanana, sai ta tambaye ka ko daga gonar gidanku aka roro waken. Amma ba faɗan ya sa ake tuna ta ba, ba kuma ƙosan ba, duk da ya yi suna har Tarauni. Wata takarda ce guda ɗaya da ta sha mai.

Daga wani ƙauye wajen Bunkure ta zo birni tare da mijinta Ɗan'azumi, direban babbar mota. Ya rasu ya bar ta da ɗaki ɗaya na haya, da kaskon tuya, da 'ya ɗaya. Sunan yanka na yarinyar Zainab, amma kowa Uwani yake ce mata, don sunan mahaifiyar Ɗan'azumi ta ci. To kun ga kunya biyu ta haɗu wa Indo: ga 'yar fari, ga sunan suruka. Ko Uwanin ma ba ta iya faɗa. In za ta kira ta sai ta ce "ke", in za ta ba da labarinta sai ta ce "waccan yarinyar". Haka ta ga uwarta ta yi, haka kakarta ta yi, kuma babu wanda ya taɓa ce mata akwai laifi a ciki.

Kafin Ɗan'azumi ya rasu ya sa yarinyar a firamare a Tarauni, ya kuma bar wasiyya kada a cire ta. Uwani ta kama karatu hannu bibbiyu. In ta taso daga makaranta sai ta zauna a kan turmin da aka kifa kusa da murhu, ta buɗe littafin da malamarsu ta ara mata, ta yi ta karantawa da ƙarfi. Indo kan ce ita ba ta ji, a daina cika mata kunne da surutun boko. Uwani tana aji biyar sanƙarau ya shigo unguwa da bazara. Kwana uku ta yi a kwance, Allah ya karɓi abarsa. Indo ba ta zubar da hawaye a gaban kowa ba, mata suka yi ta yabon haƙurinta, wai ta nuna ita 'yar gidan kunya ce. Ni kuwa na ce wannan yabon shi ya cuce ta.

Masu tuya suna da wata ƙa'ida tasu. Tsofaffin takardun da ake naɗe ƙosai a ciki, sai an tsince su tukuna. Duk wadda aka ga rubutun Larabci a jikinta a gefe ake ajiye ta, don kada sunan Allah ya sha mai ya ƙare a juji. Indo ba ta wasa da wannan. Duk Alhamis takan sayo ƙunshin tsofaffin jaridu a kasuwar Tarauni, ta zauna ta bi su ɗaya bayan ɗaya, ta ware masu Larabci ta kai wa Malam Inuwa, ladanin masallacin layinsu, ya ƙona. Na boko kuwa ba ta ko waiwayarsu. A ganinta boko lissafi ne da Turanci, ina ruwansa da sunan Allah?

Da daminar shekarar, ruwa ya jiƙa wa mai sayar da takardun kayansa, aka yi sati biyu babu. Sai idon Indo ya faɗa kan littattafan rubutun Uwani da ke ƙarƙashin gado. Dama ganinsu yana sukar ta, kuma ajiye su tamkar ta nuna wa duniya tana kewar 'yar fari ne. Ta jawo su ta dinga yaga, shafi bayan shafi, kwana goma sha ɗaya tana naɗe ƙosai da su.

Ranar ta goma sha biyu Malam Inuwa ya sayi ƙosai ya tafi. Tsohon masinja ne a wani ofis, don haka yana karanta boko. Bai yi nisa ba sai ga shi ya dawo, ƙosan a tafin hannunsa na hagu, takardar a buɗe a na dama. Bai ɗaga murya ba, dattijon kirki ne.

"Indo, akwai sunan Allah a jikin takardar nan. Kuma rubutun marigayiya ne."

Ya karanta mata layin sama: abin da na gode wa Allah a wannan mako. Ya ce ai malamarsu ce ke sa su rubuta haka duk Juma'a kafin a tashe su, jikarsa ma tana yi. Ya gyara tabarau zai ci gaba, sai Indo ta yi wuf ta fizge takardar. Ta bar mai a kan wuta yana ƙauri, ta shiga bin lungu-lungu tana tona juji, tana leƙa kwata. Ina! Wasu ruwa ya tafi da su, wasu awaki sun cinye. Unguwa guda ta ci ƙosai a cikin godiyar 'yarta ta yar. Shafi ɗaya ne ya tsira, shi ma mai ya riga ya ci gindinsa.

Da yamma Malam Inuwa ya yi sallama a ƙofar gida, ya ba ta baki, ya ce Allah ba ya kama bawa da abin da bai sani ba, ta kawo ya ƙarasa karanta mata ko hankalinta ya kwanta. Ta tsuguna ta gode masa, amma ta ƙi.

"Malam, tana raye tana karanta mini na ce ba na ji. Yanzu kuma in je aron ido? Wallahi babu mai karanta mini shi. Da idona zan gani, da bakina zan faɗa."

Labari ya zaga unguwa, aka samu abin dariya. Mace ta ba arba'in baya, alƙalami ko a mafarki ba ta taɓa riƙewa ba, wai za ta yi boko. Akwai ajin yaƙi da jahilci a Tarauni, amma duk maza ne, kuma lokacinsa ya ci karo da surfen wake. Masu zolaya suka fara ce mata Malama Indo. Ta ce su ci gaba, bakinsu ne, in sun gama su miƙo kwano.

Taimako ya zo ta inda ba a zata ba. Akwai wata mai sayen ƙosanta, Nkolika, matar Eugene mai gyaran rediyo a Tarauni. A Sabon Gari aka haife ta, tana jin Hausa kamar jakin Kano. Sun gudu Gabas da rikici ya tashi, suka dawo bayan yaƙi babu ɗansu, yunwa ta kashe shi a can, ko hotonsa ba su tsira da shi ba. Da ta ji abin da ya faru, ta zo ta tsaya gaban kaskon ta ce ita da za ta samu ko da tsumman rigar ɗanta ne, da ta ba da duk abin da ta mallaka, don haka ranar Lahadi Indo ta share tsakar gida, tana nan zuwa. "Maman Uwani" take kiran ta, yadda suke yi a wajensu. Duk sanda ta faɗa sai Indo ta sunkuyar da kai kamar an tona mata asiri. Ita kuwa Indo harshenta bai iya ɗaukar sunan duka ba, Kolika take cewa.

Haka aka kafa zaman Lahadi, bayan Nkolika ta taso daga coci, tsakanin azahar da la'asar. Indo ce ta sa sharaɗin farko: kafin a taɓa allo, kowacce sai ta faɗi abin da ta gode wa Allah a satin, tunda abin da ta sani a takardar ke nan. Da farko ita kanta ba ta samun abin faɗa. Da ƙyar take cewa ta gode man gyaɗa bai ƙare ba. Nkolika ta ce an karɓa.

Sharaɗi na biyu na Nkolika ne, kuma nan wayonta yake. Duk Asabar Eugene kan ɗora ta a bayan Vespa su tafi silima kallon fim ɗin Indiya. Indo ba ta taɓa taka ƙofar silima ba, a lokacin ma macen da ta je sai a yi ta nuna ta da baki. Amma son labari, kai, ba a magana. Nkolika takan tashi tsaye ta kwaikwayi kowa: ita ce saurayin, ita ce mugun attajirin, ita ce uwar da ke kuka a tashar jirgi, har rawar takan taka da ɗankwali a hannu. Sai labari ya kai inda ya fi daɗi, jirgin ƙasa ya taso ga yarinya a kan hanyarsa, sai ta zauna abinta ta miƙa wa Indo alli, ta ce rubuta "jirgi". In ba a rubuta daidai ba, yarinya tana nan kwance a kan hanya har wani satin. Indo ta yi faɗa, ta yi tsaki, ta kira ta muguwa, sannan ta duƙa ta rubuta. Da haka ta koyi doki, da ruwa, da wuta, da uwa. Ba ta kuma yarda da duk abin da fim ya zo da shi. Wai a ce ɗa ya ɓata shekara ashirin ya dawo uwarsa ba ta gane shi ba sai da ta ga tabo? Ta ce ƙarya ne, ko a tafiyarsa za ta gane shi.

Abin da ke riƙe ta sati guda ke nan. Da asuba tana markaɗe tana lissafin yadda yarinyar can za ta tsira. Tana tuya tana zana baƙaƙe a toka da tsinken tsamo ƙosai. Tana tafe kuma tana tsintar abin godiyar da za ta kai ranar Lahadi, don kada Kolika ta fi ta. Sai ta lura ashe abin yana da yawa in mutum yana nema: ciwon bayanta ya lafa, rijiyar gida ta kawo ruwa, wani direba ya dawo daga Legas lafiya ya ce ƙosanta yake ta mafarki.

Da ta fara haɗa baƙi, sai masu saye suka shiga uku. Ba ta naɗe ƙosai sai ta karanta takardar, kuma ita ba ta iya karatu a zuci ba, sai ta furta kowace gaɓa da ƙarfi, yatsa a kan layi. Mutum na sauri motarsa za ta tashi, Indo na fama da labarin taron manoma na bara. In ya yi ƙorafi ta ce ya je gaba, akwai masu tuya a Daurawa. Abu ɗaya take tsallakewa: duk inda ta ci karo da sunan Zainab a jarida, sai ta ce "mai sunan surukata" ta wuce. Wata Alhamis ta tsinci wani littafi marar bango a cikin ƙunshin, labarin wani mutum da ya keta sahara yana neman ƙaninsa. Ta hana kowa taɓa shi. Shafi ɗaya take karantawa duk sati, ta yi ta juya shi a ranta har Lahadi, sannan ita ma ta tsaya a inda ya fi daɗi, ta ce wa Kolika ramuwa ce.

Takardar Uwani kuwa tana cikin kwalla, ƙarƙashin zannuwa, kuma ba zaune take lafiya ba. Man da ya ci gindinta yana hawa a hankali, shuɗiyar tawada tana dusashewa. Indo ta taɓa shanya ta a rana wai ko man zai bushe, sai rubutun ya ƙara kodewa, ta yi ta cizon yatsa. Nkolika ta ba ta shawara ta barbaɗa garin alli, ya ɗan taimaka amma bai hana ba. Duk farkon wata Indo takan ɗauko ta ta auna da babban yatsanta ta ga inda man ya kai, ba tare da ta bari idonta ya tsaya kan baƙaƙen ba. Ta san tsere suke yi, ita da mai.

Bayan wata goma sha huɗu ta karance littafin sahara, ta ce lokaci ya yi. Ta yi wanka, ta ɗaura zanen fita unguwa, ta ɗauko takardar a gaban Nkolika, ta ɗora yatsa. Ta duba, ta sake dubawa. Ko kalma ɗaya ba ta gane ba. Uwani 'yar aji biyar ce, rubutun haɗe take yi, baƙaƙen sun kama hannun juna sun kwanta, babu wanda ya yi kama da na jarida. Allah sarki! Kukan da Indo ba ta yi ba ranar jana'iza, ranar ta yi shi, da ƙarfi, har maƙwabta suka leƙo. Nkolika ta yi ta ba da haƙuri, ta ce laifinta ne da ba ta hango ba, ta roƙe ta ta bari ta karanta mata ko layi ɗaya. Indo ta girgiza kai ta mayar da takardar kwalla. A zaman ne kuma Nkolika ta faɗa mata abin da ta daɗe tana ɓoyewa: Eugene ya samu shago a Jos, bayan Kirsimeti za su tashi. Saura wata uku.

Kwana shida dalbejiya ba ta ga hayaƙi ba. Masu zolaya suka ce ai dama sun faɗa, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ran Alhamis sai ga Indo a kasuwar Tarauni, ido a kumbure, ta tsaya kan mai takardu ta ce ba ta son jarida ko ɗaya. Tsofaffin littattafan rubutu na 'yan aji biyar take so, na makarantar nan ta bayan kasuwa, don hannun da ya koya wa 'yarta shi ya koya musu. Mutumin ya ce bai taɓa ganin mai ƙosai da zaɓen aji ba. Ta ce to yau ya gani.

Ta koma farko, kamar ba ta taɓa yi ba. Nkolika ta ƙara mata Laraba a kan Lahadi, ta daina ba da labarin fim sai an rubuta jimla guda da rubutun haɗe. A cikin littattafan yaran Indo ta dinga cin karo da shafukan Juma'a: wannan ya gode an saya masa takalmi, waccan ta gode akuyarsu ta haifi biyu. Irin waɗannan ba ta naɗe komai da su, takan karanta ta kai wa Malam Inuwa. Shi kuwa da ya lura tana kai takarda har kan hanci, hayaƙin shekaru ya ci idonta, sai ya aiko mata da tsohon tabaraunsa, ƙafa ɗaya an ɗaure da zare. Ta sa, unguwa ta kwashe da dariya, ita kuwa ta ce yanzu ne ma take ganin munin wasu.

Lahadin ƙarshe ta zo, kayan su Nkolika duk a ɗaure. Suka zauna a tabarma bayan azahar. Nkolika ta ce ita a satin nan ta gode wa Allah da ya haɗa ta da 'yar'uwa a Kano. Indo ta ce tata godiyar sai an jima. Ta sa tabarau, ta buɗe kwalla. Man ya kusa kai rabin shafin. Ta ɗora yatsa, ta fara, gaɓa-gaɓa, da ƙarfi kamar kullum.

"Na gode wa Allah an kawo majigi filin makaranta, Inna ta bar ni na je. Na gode Malama ta ara mini littafi mai hoton teku. Na karanta wa Inna tana tuya. Ta ce ba ta ji, amma na ga ta bar ƙosai ya ƙone. Inna tana ji. In an yi hutu zan koya mata karatu, don in na yi aure na tafi, in na aiko da wasiƙa..."

Daga nan mai ya cinye. Layi uku ne suka narke, babu abin da ya rage sai shuɗi-shuɗi. Indo ta bi su da yatsa a hankali. Can ƙasa, a kusurwar dama da man ya kewaye bai taɓa ba, akwai kalmomi biyu da yarinyar ta rubuta manya-manya, ta ja layi a ƙarƙashi. Yatsan ya isa wurin ya tsaya. Ta gane ta farkon tun kafin ta haɗa. Nkolika ta san yadda take tsallake sunan nan a jarida, don haka ta kau da kai.

Amma Indo ta rantse da bakinta za ta faɗa, kuma ba ta iya karatu a zuci ba.

"Zai-nab," in ji ta. "Zainab Ɗan'azumi."

Shekara goma sha biyu yarinyar nan ta yi a duniya, uwarta ba ta taɓa kiran sunanta ba sai ranar. Ta sake faɗa, ta sake, kuma wannan karon ba karatu take yi ba, kira take. Nkolika ta rungume ta suka yi ta kuka tare, kowacce da nata, har Malam Inuwa ya kira la'asar.

Da suka natsu Indo ta share tabarau da gefen zani, ta ɗauki fensir, ta juya bayan takardar inda ba rubutu. Ta daɗe tana yi, harshe a tsakanin wushirya, da rubutun haɗe irin na 'yan aji biyar. Ta miƙa wa Nkolika ta duba mata ko akwai kuskure. Ta rubuta: abin da na gode wa Allah a wannan mako, wasiƙar Zainab ta iso, kuma ni na karanta.

Babu kuskure ko ɗaya.